Jarumta Ko Ganganci: Tsokaci Kan Ɗaga Kan Babur

Galibinmu idan muka ga matashi ya ɗaga tayar gaba ta babur ɗin tsere, yana tafe a kan ta baya kaɗai, nan take mukan yanke hukuncin cewa ganganci ne tsagwaronsa. Shin mun yi masa adalci kuwa?

Mu dubi yadda ake koyon abin. Mai koyo yakan riƙe kuloci, ya murɗa totur, sannan ya saki kulocin farat ɗaya, sai kan babur ya tashi. Wannan kam kowane mai taurin kai zai iya. Darasin da masu koyarwa suka fi nanatawa shi ne, kada ƙafar dama ta rabu da birkin baya, domin da zarar babur ya miƙe fiye da kima, birkin ne zai dawo da kansa ƙasa. In ba haka ba, ya kifar da mahayinsa ta ƙeya. Wato sai an iya saukowa kafin a nemi tashi. A ganinmu, wanda ya tanadi hanyar dawowa bai cancanci sunan mai ganganci ba.

Sai dai gwaninta ba ta wanke kowa. A 1991, Yasuyuki Kudo ya yi tafiyar kilomita 331 a kan taya ɗaya a Tsukuba ta ƙasar Japan, amma a killataccen filin gwaji, inda jikinsa kaɗai ya sa a caca. Wanda ya yi haka a titin kasuwa kuwa, ko da ya fi Kudo iyawa, ya haɗa da ƙafar mai talla da ta ɗan makaranta, alhali bai shawarce su ba.