Kafin Ka Kai Yara Kallon Wasan Wuta

Ɗana, Disamba na tafe, makarantu za su ba da hutu, kuma na san abin da ke jiranka a gida. Yara sun karɓi wayarka sun ga yadda ake feso wuta mai launi-launi daga jikin Burj Khalifa, dogon benen nan na Dubai mai tsawon mita 828. Sun ga na wuraren wasan Disney a Amurka, inda kusan kowane dare sai an haske sama kafin a sallami jama'a. Za su sa ka a gaba da "Baba, mu ma a kai mu." Ban ce ka hana su ba. Yaron da ya tashi a Sabo, tsakanin hayaƙin tukubar tsire da hayaniyar 'yan canji a titin Jemibewon, ya cancanci a fitar da shi ya ga abin da zai riƙa ba abokansa labari. Batun ko ya halatta a fita daren sabuwar shekara kuwa, wannan ka kai wa malaminka. Ni ta rai da lafiya zan yi maka, sai kuma ta aljihu kaɗan.

Wuraren shaƙatawarmu na Ibadan na rana ne. Lambun Agodi, wanda aka kafa a 1967, ambaliyar Ogunpa ta 1980 ta lalata shi, aka gyara aka sake buɗe shi a 2014, wurin inuwa ne da ruwa da lilo. Gidan namun dajin Jami'ar Ibadan yana nan tun 1948. Hasumiyar Bower da ke kan tudun Oke Are, ta 1936, daga samanta kana ganin jajayen rufin kwanon garin har iyakar ganinka. Babu ɗayansu da ke harba wuta kowane dare irin na ƙasashen waje. A nan sai ƙarshen shekara wasan wuta ke zuwa, a tarukan da otal-otal da majami'u da manyan kantuna ke shiryawa, wani lokaci da gwamnati. Saboda haka in an ce ka zaɓi wanda ya fi kyau, taro ne ake ce maka ka zaɓa. Wutar kam ko'ina kusan iri ɗaya ce, yawancinta ma daga ƙasar Sin aka yo odarta. Taro kuwa wani ba ya kama da wani.

Tambayarka ta farko ita ce: wa ya shirya, mutum nawa ya gayyata, kuma ƙofa nawa wurin yake da su? Babu mazaunin garin nan da ya manta da ranar 18 ga Disamba, 2024. An yi shelar bikin yara a makarantar Islamic High School da ke Bashorun, aka ce za a raba kuɗi da abinci ga yara 5,000. Iyaye suka yi sammako, wasu tun kafin asuba, jama'a ta fi ƙarfin ƙofa, yara 35 suka rasu a turmutsitsin. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ba na ganin laifin uwar da matsin rayuwa ya fito da ita da goyo. Amma kai da ke da zaɓi, duk taron da ka ji an ce kyauta ne, an yayata shi a rediyo, an kuma haɗa da rabon kaya, ka bar yaranka a gida. Gara inda ake yankar tikiti, domin mai sayar da tikiti ya san adadin da ya shigar.

A Bashorun ba a harba wuta ba. A Abijan an harba. Daren shiga shekarar 2013 gwamnatin Kwaddebuwa ta shirya gagarumin wasan wuta a unguwar Plateau, kusa da filin wasa na Félix Houphouët-Boigny. An yi lafiya, an gama lafiya. Sai da jama'a suka juya za su koma gida, cikin duhu, a kan titi guda, aka danne juna. Kimanin mutum 60 suka mutu, da yawansu yara. Ka lura da lokacin da abin ya faru. Yayin da ake harbi kowa yana tsaye wuri ɗaya, ido na sama, ba mai ture wani. Da an yi harbin ƙarshe dubban mutane za su motsa a daƙiƙa guda, kowa na son ya riga wani samun mota. Kakanninka da aka yanka wa Sabo a 1916 fataken shanu ne da goro, kuma sun san garke ba ya yi wa kansa ɓarna a fili, a ƙofar shinge yake tattake ɗan maraƙi.

A cunkoso, matsewar ƙirji ce ke kisa tun kafin a kai ga faɗuwa. Idan mutum biyar ko shida suka cushe a murabba'in mita ɗaya, babba ma ba ya iya cika huhunsa, balle yaron da fuskarsa ke daidai ƙugun manya, inda ba iska kuma ba wanda ke ganinsa. Don haka ka je da sauran rana. Kafin ka nemi wurin zama, ka zaga ka ga ƙofofi, ka duba ko akwai wadda aka garƙame da kwaɗo. In ƙofa ɗaya ce ta shiga da fita, ka saya wa yara askirim ku juya. In kun zauna, ku zauna a gefe, ta wajen mafita. Da ka ji ba ka iya ɗaga hannunka ka sosa kai ba tare da ka bugi wani ba, lokacin tafiya ya yi. Ka saɓa ƙaramin a kafaɗa, ku riƙa zamewa ta gefe, kada ku yi gaba da gaba da igiyar mutane. Takalmi in ya faɗi, ya faɗi ke nan, kada kowa ya sunkuya.

Sai batun nisa. Abin da ake harbawa dunƙulen albarushi ne, haɗin gawayi da farar wuta da wani gishiri, irin dai wanda 'yan bindigar sarki ke ɗurawa ranar hawan sallah a Kano. Ana cilla shi sama daga cikin bututu, ya fashe a can, sinadaran da aka cusa masa su ba da launi: na tagulla shuɗi, wasu ja, wasu kore. Wani dunƙulen ba ya kai inda aka nufa, wani kuma yana dawowa ƙasa bai fashe ba. Shi ya sa ƙa'idar masu kashe gobara a Amurka ta ce kowane inci ɗaya na kaurin dunƙule a ba shi tazarar kimanin mita 21 daga 'yan kallo, wato mai inci 6 yana son kusan mita 130. Ba za ka je da ma'auni ba, amma kana da ido. In ka hangi bututan a jere kusa da mutane, ba igiya ba shinge, ba motar kashe gobara, yara na zagaye mai kunnawa, to wanda ya shirya bai san aikinsa ba.

Akwai awo mai sauƙi da za ka koya wa yara, su ma za su ji daɗinsa. Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. In kun ga walƙiyar kuka ƙirga ɗaya kafin ku ji dum, kuna wuri mai kyau. In haske da ƙara tare suke zuwa, kun matsa da yawa. Kunnen yaro bai kai na babba juriya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙara mai fashewa a ma'auni 140 ga manya, 120 ga yara, alhali wutar nan a kusa tana haura 150. Jariri dai ba shi da abin yi a wurin, a bar shi gida da kakarsa. Ka kuma duba inda iska ke kaɗawa ka ba ta baya, don hayaƙi da toka su yi gaba. Mai ciwon asma a cikin ƙurar hunturu ba ya bukatar ƙari.

In ra'ayina kake so, Allah ya riga ya yi wa Ibadan gata da tuddai. Tudun Mokola ga shi nan a bayanmu. Daga wuri mai tsayi, ko daga saman benen wani aminin arziki, kana ganin wutar unguwa uku ko huɗu a lokaci guda, ba tikiti, ba turereniya, ga bayan gida kusa, ga wurin alwala. Sharaɗi ɗaya ne, benen ya kasance da katanga ko ƙarfe a bakinsa, domin yaron da ke kallon sama ba ya duba inda yake taka ƙafa. Na fi son wannan nesa ba kusa ba a kan kowane filin taro. Yara za su yi gunaguni cewa babu lilo. Ka kai su Agodi da hantsi su gaji da lilon, da dare ku hau sama.

Abin da ba zan sassauta maka a kai ba shi ne nokawut da banga. Kada ka saya musu, kada ka bar su su saya da kuɗin da baƙi suka ba su. Kowane Disamba 'yan sanda na maimaita haramcin sayar da su da harba su, saboda ɓarayi na fakewa da ƙarar su yi harbin gaske. 'Yar sandar nan mai tartsatsi da ake miƙa wa ƙananan yara, ana ganin ba ta da illa, zafin bakinta ya haura digiri 1,000. In kuma wani ya zo maka da shawarar ku saro katan-katan ku ajiye a shago ko a ɗaki don cin kasuwar Kirsimeti, ka tuna masa da Jankara. Ranar 26 ga Disamba, 2012, rumbun irin wannan kaya ya fashe a tsibirin Legas, wuta ta ci gidaje da dama, aka rasa rai, mutane da yawa suka ji rauni. Ka dubi yadda gidajen Sabo suke manne da juna, ka dubi lungunanmu, ka gaya mini ta inda motar kwana-kwana za ta bi. Kuma tun fashewar Bodija ta ranar 16 ga Janairu, 2024, akwai tsofaffi a garin nan da ƙara kaɗan ke tayar musu da hawan jini. Maƙwabci yana da haƙƙi ko a daren murna.

Legas kan yi nata babban wasan wutar a bakin teku, ga jirgin ƙasa daga Moniya tun 2021, mai hali yana iya zuwa. Sai dai ya tanadi masauki tukuna, kada ya kwana a titi da iyali. Dubai kuwa, wanda Allah ya hore wa ya je. Amma kada in ji ka taɓa jari ko kuɗin makarantar Janairu saboda kallon da bai wuce 'yan mintoci ba.

Duk inda ka tsayar, ka yi shawara da uwar yaran, ta fi ka sanin wanda ke firgita da wanda ke ɓacewa. Ku yi Magariba da Isha'i kafin a fara. Kowane yaro ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa masa a aljihu, manyan kuma ka nuna musu wuri ɗaya da za a haɗu in an rabu, domin a irin wannan dare layin waya cushewa yake yi. Kowane babba ya san yaran da ke hannunsa da sunansu, ba a ce "ai suna tare da yayarsu" ba. Mai tasi Maikira ko mai Keke da zai mayar da ku, ku yi ciniki tun da rana, ka ba shi rabi, ya tsaya nesa da ƙofa, ya juya kan motarsa ta hanyar Mokola. Da ka ga harbi ya fara zuwa a jere ba ƙaƙƙautawa, ƙarshe ne ya zo, sai ka tashe su ku kama hanya. Sauran sa gani ta tagar mota. In kun makara, ku koma ku zauna har fili ya yi sarari, ko da za a kai rabin awa.