Ƙiyasin Tsufa: Robar Silikon da Iyakar Shaidar Gwaji

A cikin tashar lantarki ta nukiliya akwai wayoyi masu tsawon ɗaruruwan kilomita, kuma wasu daga cikin waɗanda ke wuraren da zafi ya fi tsanani an lulluɓe su ne da robar silikon, wadda ƙashin bayanta jerin ƙwayoyin silikon da oksijin ne, haɗin da ya fi na kabon da kabon na sauran robobi wuyar tsinkewa. Saboda haka take jure zafin da ya kai digiri 180 a ma'aunin Salshiyas na tsawon lokaci, kuma ko da ta ƙone, tokar silika da take bari ba ta barin lantarki ya ratsa ta. Amma radiyeshin na gamma, wato hasken da ba a gani mai ratsa jiki, yana ɗaure sarƙoƙinta da juna har ta taurare, ta daina miƙewa, ta riƙa tsagewa idan an lanƙwasa ta.

An tsara yawancin tashoshin Amurka don shekara 40, daga baya aka ƙara wa da yawa wa'adi zuwa 60, alhali babu injiniyan da zai zauna jiran shekara 40 kafin ya amince da waya. Abin da ake yi, bisa ƙa'idoji irin su IEEE 323 da 383 na 1974, shi ne a gasa samfuri a tanda na wasu makonni, a haska shi da radiyeshin na kobalt-60, sannan a yi amfani da lissafin Arrhenius na 1889, wanda ke danganta saurin lalacewa da yawan zafi, a ce makonnin sun tsaya a madadin shekarun.

Wannan ƙiyasi ne a ma'anar da malaman usulul fiƙhu suka san shi, wato ɗora hukuncin asali a kan reshe saboda illa guda da ta haɗa su, inda samfurin tanda yake asali, wayar da ke bangon tasha take reshe. Malaman sun shardanta cewa illar ta kasance ɗaya a ɓangarorin biyu, in ba haka ba ƙiyasin ya ɓaci, kuma a nan ne gwajin yake tuntuɓe. Binciken masana Gillen da Clough a cibiyar bincike ta Sandia ya nuna cewa idan aka zuba wa roba radiyeshin da yawa cikin gaggawa, oksijin da ke haddasa lalacewar yakan ƙare a bayanta kafin ya isa cikinta, sai cikin ya tsira daga lalacewar da zai same shi da an haska shi kaɗan-kaɗan tsawon shekaru. Silikon tana barin iska ta ratsa ta fiye da yawancin robobi, wanda ke rage mata wannan matsala, amma jerin gwajin kansa yana sauya sakamako, domin fara haskawa kafin gasawa ba ya ba da abin da akasinsa ke bayarwa, alhali a tasha tare suke aukuwa.

Imam Ghazali, a Tahafutul Falasifa, ya kawo misalin wuta da auduga don nuna cewa ido yana ganin ƙonewa tare da haɗuwarsu ne kawai, ba ya ganin wajabcinta, kuma David Hume ya taɓo makamancin haka a 1748. Matsalar injiniyan ta fi tasu muni ta wata fuska, domin su suna shakkar maimaituwar abin da aka gani, shi kuwa yana hukunci a kan abin da bai taɓa gani ba. Watsar da ƙiyasin dai ba mafita ba ce, kuma masu aikin sun yi daidai da suka ɗauke shi a matsayin zato mai rinjaye, suna ajiye guntayen waya kusa da riyakta, wato murhun nukiliyar tashar, suna ciro su lokaci-lokaci su ja su a na'ura, su duba ko miƙewarsu kafin tsinkewa ta sauka zuwa kashi 50 cikin ɗari, iyakar da aka saba ɗauka a matsayin ƙarshen amincin rufin waya.