BAKIN DA YA JA KA, INA ZAI KAI KA?

Ya mai karatu, ka taɓa tsayawa ran kasuwa a Urno ko Madawa ka saurari mai tallar magani? Ya shimfiɗa buhu, ya jera ƙulle-ƙulle da kwalabe. Kafin rana ta take, mutane sun kewaye shi. Bai kama hannun kowa ba. Da baki ya tara su, da baki kuma zai raba su da kuɗin albasarsu.

Lura da dabararsa. Da fari yabo: ya kira ka Alhaji ko da ba ka taɓa wuce Tawa ba. Sai tsoro: ya lissafa ciwon baya, da kasala, da jiri, abin da kowane manomi yake ji, ya ce alamar babban ciwo ce. Sai shaida: wani cikin taro ya ɗaga murya, ya ce shi ma ya sha ya warke. Daga ƙarshe gaggawa: saura ƙulli uku, mota kuwa za ta tashi. Yabo ya buɗe kunnenka, tsoro ya kama zuciyarka, gaggawa ta hana ka tunani.

Maroƙi ya san waɗannan hanyoyi. Ɗan siyasa ya san su. Mai wa'azi ma ya san su. To, yaya za ka rarrabe mai sonka da mai son aljihunka?

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutum biyu a gaban alƙali ɗaya. Karanta Ayyukan Manzanni sura 24. Aka kawo Bulus gaban gwamna Filikus a Kaisariya. Masu ƙararsa suka zo da wani gwanin magana, sunansa Tartulus. Ya fara da wasa gwamna, sa'an nan ya jibga wa Bulus zargi. Bulus kuwa ya faɗi kwanakin da ya yi, da inda ya je, da abin da ya aikata, ya nemi a kawo shaida. Daga baya ya yi wa Filikus magana a kan adalci, da kamewa, da shari'a mai zuwa. Gwamna ya firgita, ya sallame shi. Shekara 2 Bulus ya yi a tsare, Filikus yana sa ran a ba shi toshiya. Tartulus ya faɗi abin da gwamna yake so ya ji. Bulus ya faɗi abin da gwamna yake bukata, ko da ya jawo wa kansa wahala.

Kada ka ce iya magana zunubi ne. Sa'ad da sarki Dawuda ya ƙwace matar Uriya, annabi Natan bai shiga fada da zagi ba. Ya ba shi labarin wani mawadaci da ya yanka 'yar tunkiya ɗaya tak ta maƙwabcinsa matalauci. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci da bakinsa. Sa'an nan Natan ya nuna masa kansa ya hukunta. Yana nan a 2 Sama'ila sura 12. Wannan ma dabara ce, amma ta kai sarki ga tuba. Wuƙa ɗaya ce a hannun mahauci da hannun ɗan fashi.

Dubi kuma ƙasarmu. A 1975, bayan babban fari, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro jeri-jeri a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iskar da take kwashe ƙasar gona. Ba abu mai sauƙi ba ne manomi ya ba da gefen gonarsa ga itace. Amma itatuwa suka girma, iska ta ragu, kowa ya ga hatsin da yake bayansu. Jerin ya kai ɗaruruwan kilomita. Gani ya kori ji. Maganar da take gaskiya ba ta tsoron a jira a ga 'ya'yanta.

Saboda haka, ɗan'uwana, in wani ya ja ka da baki, yi wa kanka tambaya uku. Me zai samu in na yarda? Ya bar ni in bincika, ko kuwa yana tura ni? Halinsa ya yi daidai da maganarsa?

Auna wannan takarda ma da mudun nan. Ba mu roƙe ka ko dala ba. Ba mu ce ka yarda yau don mota za ta tashi ba. Muna roƙonka ka nemi Linjila, ka karanta da kanka. Yesu Almasihu ya koyar da misalin shuka, da tunkiyar da ta ɓata, da fitila. Bai yi wa manya daɗin baki ba, bai kuwa karɓi kome a hannun talaka ba. Ya hatimce maganarsa da ransa a kan gicciye saboda zunubanmu, Allah kuwa ya tashe shi daga matattu.

Filikus ya ji gaskiya, ya ɗaga ta sai wani lokaci. Dawuda ya ji, ya tuba. Kai fa?

Ka yi addu'a haka: Ya Allah, ka tsare kunnena daga zaƙin ƙarya, ka tsare bakina daga ruɗin ɗan'uwana, ka ba ni zuciyar karɓar gaskiya ko da ɗaci. Amin.