Ina Ɗanka Yake Yau?

Bisharar Luka sura 2 ta nuna mana yadda Maryamu da Yusufu suka yi tafiyar yini guda suna zaton Yesu yana cikin ayari, alhali kuwa ya tsaya a Urushalima. Sai bayan kwana 3 suka same shi.

Irin wannan zato yana cutar gidajenmu a Gwandu da Kalgo. Yaro yakan fita da safe, muna tsammani yana aji, ashe yana kasuwa ko fadamar shinkafa, ba mu sani ba sai jarrabawa ta tona.

Wayar salula ta yaɗu a ƙasarmu tun 2001. Saboda haka mu ba malamai lambobinmu, mu roƙe su su aiko da gajeren saƙo duk ranar da aka kira suna yaro bai amsa ba. Wanda bai iya karatu ba, katekis ko maƙwabci ya karanta masa, sa'an nan ya tashi ya nemi ɗansa kafin rana ta faɗi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye wannan nauyi, amma Allah ne ya fara ba mu amanar 'ya'ya. Ubangiji ya taimake mu mu riƙe ta. Amin.