ZUMUNTA A ƘAFA TAKE

Abin karantawa: Luka 2:1-20, Luka 21:34, 1 Korinthiyawa 6:19, 20.

Ga watan Disamba ya kama, Kirsimati kuwa ta ƙaraso. An gama kaka, dawa da gero sun shiga rumbu, an jingine fartanya. Malaman makaranta da ma'aikatan ofis sun sami hutu, mazauna birni suna shirin zuwa gida. Wannan duka alheri ne daga wurin Allah, sai mu karɓa da godiya. Amma kafin a ɗora tukunya ina so mu yi magana a kan zuciyar nan ta nama da ke bugawa cikin ƙirjinmu, da abin da mukan yi mata a makonnin biki.

Ku duba yadda bikin yakan tafi a gidajenmu da yawa. Mutum ya fito daga sujada ya zauna, a kawo masa shinkafa da miya ta sha mai, ga soyayyen nama, ga cincin, ga lemun kwalba. Kafin ya wanke hannu kwanon maƙwabci ya iso. Da la'asar ya hau babur zuwa gidan da bai kai tafiyar minti 10 ba, can ma ya zauna a sake ajiye masa. Haka za a yi ta yi har bayan Sabuwar Shekara. Manomin da ya yi wata 6 a sunkuye cikin gona, yanzu ba abin da yake ɗagawa sai loma. Mu masu aikin Ubangiji mun san abin da kan biyo baya, gama mu ake kira a ce wani dattijon ekklesiya ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ko kuwa ya kwanta lafiya bai tashi ba. Sa'an nan a bar gwauruwa da marayu, da kuɗin makarantar da ba mai biya.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana bugawa wajen sau 100,000 tsakanin dare da rana, tana tura jini cikin jijiyoyi, ba ta da hutun Kirsimati. Gishiri mai yawa, har da na dunƙulen da ake jefa wa miya, yana riƙe ruwa cikin jiki, jini ya hau. Kitse kuma yana taruwa a bangon jijiya kaɗan-kaɗan, kamar yadda shara take cika lambatu, har hanyar ta ƙuntata. Sanyin hunturu yana tsuke jijiyoyin, giya tana ƙara hawan jinin. Ran da hanya ta toshe cikin zuciya, shi ne ciwon zuciya mai kashewa farat ɗaya. In ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar jiki. Tafiya da ƙafa kuwa tana ƙarfafa tsokar zuciya, tana saukar da hawan jini, tana cinye sukarin da ya taru cikin jini bayan cin abinci.

Likitoci sun daɗe da gane wannan. A shekara ta 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya buga abin da ya gano a kan ma'aikatan bas mai bene a birnin Landan. Direba yana zaune yini, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, in ya kama su kuma ya fi yi musu tsanani. A ƙasar Suwidin ma an duba lissafin masu ciwon zuciya fiye da 280,000, daga 1998 zuwa 2013, aka buga sakamakon a 2018. An tarar ranar da ciwon ya fi kama mutane a dukan shekara ita ce 24 ga Disamba, ranar babban bikinsu, wajen ƙarfe 10 na dare, musamman tsofaffi da masu ciwon sukari. Sanyinsu dabam, abincinsu dabam, amma zuciya irin tamu ce.

To, me Maganar Allah ta ce? Cikin Luka 21:34 Ubangijinmu ya gargaɗi almajiransa kada zarin ci da maye da damuwar duniya su nauyaya zukatansu har ranarsa ta same su ba shiri. Zancen ruhu yake yi, amma wanda ya cika ciki ya san barci ne kan biyo baya, addu'a kuwa ta gagara. Bulus Manzo kuma ya tuna wa Korinthiyawa jikin mai bi mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, saye kuma aka yi da tamani mai tsada. Ashe jikin nan amana ne. Idan ɗakin sujada ya fara yoyo mukan haɗa baiko mu gyara kafin damina. Ina dalilin da za mu bar haikalin da Allah ya gina da kansa ya lalace don ƙyuya?

Ku sake karanta labarin haihuwar Mai Cetonmu, za ku ga kowa a kan hanya yake. Maryamu ta tashi da hanzari zuwa ƙasar duwatsu ta Yahudiya domin ta gai da Alisabatu. Yusufu da Maryamu sun taso daga Nazarat zuwa Baitalahmi, wajen mil 70 a miƙe, kusan mil 90 in an bi ta kwarin Urdun, ita kuwa da cikinta tsoho. Makiyaya sun bar garkensu da dare suka shiga gari da sauri. Masu hikima sun taso daga gabas. Ba wanda ya ga Jaririn yana kishingiɗe a gidansa.

Wani zai ce, "Malam, in kwana ya ƙare ya ƙare." Gaskiya ne kwanakinmu a hannun Allah suke. Amma sa'ad da Shaiɗan ya kai Yesu ƙwanƙolin haikali ya ce ya diro, Ubangiji ya ƙi, domin gwada Allah ne (Matta 4:5-7). Mai hawan jini da ya ajiye maganinsa saboda biki, ya ci ya sha ya kwanta, yana cewa Allah zai kiyaye, shi ma dirowa yake yi. Wani kuma zai kawo 1 Timothawus 4:8, ya ce ai Bulus ya rena horon jiki. A'a, Bulus ya sa ibada a bisa, gama amfaninta ya kai har rai mai zuwa, amma ya yarda horon jiki yana da nasa amfani.

Ga shawarata ga kowane gida a wannan shekara.

Na fari, ku yi gaisuwar Kirsimati da ƙafa. Kakanninmu sun ce zumunta a ƙafa take. Ku lissafta gidajen gwauraye, da marasa lafiya, da tsofaffin da ba su iya zuwa sujada, da maƙwabtanmu Musulmi da suka aiko mana da naman Salla. Kowace rana ku ɗauki kwano ku taka zuwa gida biyu ko uku. In nisan bai wuce mil ɗaya ba, a bar babur ya huta. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta bayar a 2020, ta ce babban mutum ya sami motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yara kuwa minti 60 kowace rana. Minti 30 sau 5 a mako ke nan mafi ƙanƙanta, da saurin da zai sa numfashi ya ƙaru amma magana ba ta yanke ba.

Na biyu, maza su tashi su kama aiki. Sau da yawa uwargida tana tsaye tun asuba, maigida yana zaune yana jiran kwano. Faskaren itace, ɗebo ruwa, share filin majami'a, duka motsa jiki ne, ƙauna ce kuma.

Na uku, ku ci da godiya, ku tsaya kafin ciki ya yi nauyi. Gishirin da hukumar nan ta yarda wa babba a yini bai kai giram 5 ba, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. In an ci, a taka kaɗan kafin a kwanta.

Na huɗu, a yi da hankali. Wanda ya shekara bai yi gudu ba kada ya faɗa filin ƙwallo tare da matasa ran 26 ga wata. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda bai san awon jininsa ba ya je a auna, gama hawan jini sau da yawa ba ya ba da alama. In ya kai 140 bisa 90 ana bukatar ganin likita. Wanda kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko ciwo yana sauka zuwa hannu, ko numfashi ya gaza, ko baki ya karkace, a kai shi asibiti nan take, ko ranar Kirsimati ce. Ku yi addu'a a kan hanya. Luka da ya rubuta mana labarin haihuwar Yesu shi kansa likita ne.

Ya 'yan'uwa, Ɗan Allah bai rena jiki ba, gama ya ɗauki jiki irin namu, ya taka ƙasa, ya gaji, ya zauna a bakin rijiya. Bari mu girmama shi da ƙafafunmu a bikin haihuwarsa. Ubangiji shi kiyaye fitarku da shigarku, shi kai mu sabuwar shekara da lafiya domin hidimarsa. Amin.