Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya?

'Yan'uwa, idan ciwo ya tasar wa yaro da tsakar dare a Jangeru, aka samu kai shi Babban Asibitin Shinkafi, galibi ma'aikacin jinya ne zai fara karɓarsa. Shi zai nemo jijiya a hannun da ya rame, shi zai kwana a tsaye. Mun saba cewa wannan aiki kira ne na jinƙai, kuma gaskiya ne. Amma ya kamata mu tambayi kanmu: tun da kira ne, shin ya halatta mu ce mai yinsa ya yi ta haƙuri ko da an tauye masa hakkinsa?

Bari mu dubi nauyin da ke kansu. A watan Yuni na 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi ta sha fama da 'yan bindiga, kuma ita ma'aikatan asibiti ke bi kamar kowa. A wannan shekara ce hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista ta bayyana cewa fiye da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3. Duk wanda ya tafi, aikinsa yana komawa kan wanda ya tsaya.

Mun san labarin Basamariye a Linjilar Luka, amma mukan tsallake ƙarshensa. Da ya kai mai raunin masauki, sai ya ba mai masaukin dinari biyu, ya kuma yi alkawarin biyan abin da zai ƙaru. Ya san wanda zai ci gaba da jinyar yana da ciki, yana da iyali. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya yabi ma'aikacin jinya da baki, ya riƙe masa albashi, ya mai da yabon nan mayafin zalunci.

Wani zai ce kuɗi ba ya sayen tausayi, kuma idan suka ajiye aiki, talaka ne ke mutuwa. Wannan magana tana da nauyi. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1981 kan aikin ɗan Adam, ya yarda da 'yancin yajin aiki, amma ya gargaɗe mu kada a wuce gona da iri inda rayuwar jama'a ta dogara da aikin. Sai dai a wasiƙar nan ya koyar cewa da adalcin lada ake gane adalcin al'umma. Lokacin da ma'aikatan jinya na ƙasa suka shiga yajin gargaɗi a ƙarshen Yuli 2025, cikin buƙatunsu akwai ƙarin alawus da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Wanda ya toshe kunne har aka kai ga haka, yana da kaso cikin alhakin marasa lafiya.

Saboda haka, abin da ke riƙe zuciyar mai jinya a bakin aiki sananne ne: albashi a kan kari, hutu bayan aikin dare, safar hannu da magani da ruwa da wuta, masauki mai tsaro, damar ƙaro ilimi, da shugaban da ke sauraron shawararsa. Babu abin da ke karya gwiwa kamar mutum ya san abin da zai ceci rai, amma babu kayan yinsa.

Mu ma da ke kai marasa lafiya muna da namu dinarin. Kada mu huce takaicinmu a kan wanda muka tarar shi kaɗai da gadaje cike. Mu gaishe shi da sunansa, mu ba da jini idan an nema, mu koma mu yi godiya bayan an sallame mu. Masu neman ƙuri'armu kuwa, mu tambaye su ma'aikatan jinya nawa suka ɗauka, kuma yaushe aka biya su. Allah ya ƙarfafa hannuwan da ke jinyarmu.