Ɓaraka a manhaja ba ta halatta dukiyar mutane

A watan Yunin 2016 wani ya gano ɓaraka a manhajar The DAO, asusun zuba jari da aka gina a kan dandalin kuɗin intanet na Ethereum, ya kwashe ether, wato kuɗin dandalin, kimanin miliyan 3.6. Bai fasa komai ba. Manhajar ce take biyan mai cire kuɗi kafin ta rage lissafinsa, shi kuwa ya yi ta maimaita buƙatar cirewa tun lissafin bai daidaita ba. Masu ra'ayin cewa manhaja ita ce doka suka ce ba shi da laifi, tunda abin da tsarin ya yarje masa ya yi.

Ban yarda da wannan hujja ba, kuma malaman fiƙihu sun riga mu amsa ta. A wurinsu ciniki yana tsayuwa ne a kan yardar juna, ana kuma duba manufar yarjejeniya, ba lafazinta kaɗai ba. Babu wanda ya zuba kuɗinsa a asusun da nufin wani ya wawashe. Gaskiya ne sun ɗauke haddin sata daga wanda ya ɗauki abin da ba a killace ba, amma ba su ce abin ya zama nasa ba. Mayarwa wajibi ce a kansa. Sakacin mai gini laifi ne, sai dai ba ya wanke mai ɗauka.

Akwai ƙorafi mai nauyi. A watan Yuli na shekarar aka sauya tsarin Ethereum don a mayar wa mutane kuɗinsu, waɗanda suka ƙi suka ci gaba da tsohon tsarin da sunan Ethereum Classic. Tsoronsu shi ne hannun da ya ceci wanda aka zalunta yau zai iya daskarar da asusun marar laifi gobe, kuma takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa manhajar ɓoye sawun kuɗi ta Tornado Cash a 2022 ya nuna tsoron ba na banza ba ne. To amma ƙin sa hannu shi ma hukunci ne, kuma mutane ne suka yanke shi. Akwai masu rubuta manhajar, da masu riƙe makullan dakatar da ita, da manyan masu kuɗi da ƙuri'arsu ke rinjaye. Amanar tana wuyansu ko sun ɓoye sunayensu. Don haka ya wajaba su kai manhaja a tantance kafin karɓar kuɗin kowa, su kuma bayyana wa masu zuba jari wanda ke da ikon tsayar da ita, da sharaɗin da zai sa ya yi hakan.